RA'AYINMU: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, tun da aka buga gangar zaɓe, ba mu taɓa sauka wani gari ba sai an tare mu da tambaya guda: in kun hau, nawa za ku sayar mana da litar mai? Mai tambayar yana da gaskiya, domin shi ne ke tsayawa a layi, shi ne ke biyan kuɗin mota, kuma matarsa ce ke auna kananzir da murfin kwalba. Amma mu ba za mu yanka farashi a kan dandamalin kamfen don a yi mana tafi ba. Abin da za mu yi shi ne mu koma baya kaɗan, mu duba yadda waɗansu ƙasashe suka yi lokacin da mai ya yanke musu, sa'an nan mu duba abin da namu shugabannin suka yi a daidai wannan lokaci. Daga nan kowa ya yi wa kansa alƙalanci.

A ranar 6 ga Oktoba, 1973, yaƙi ya ɓarke tsakanin Masar da Siriya a gefe guda da Isra'ila a ɗaya gefen. Kafin watan ya ƙare, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai, da Sarki Faisal na Saudiyya a kan gaba, suka rage haƙo mai, suka kuma hana sayar wa Amurka da Holan saboda goyon bayan da suke ba Isra'ila. Gangar ɗanyen mai da ake saye wajen dala 3 ta kai kusan dala 12 a watan Janairu na 1974. Ba a ɗage takunkumin a kan Amurka ba sai watan Maris na wannan shekara. Wata biyar ke nan kacal, amma sai da ya girgiza ƙasashen da ke ganin ba abin da zai taɓa su.

To, me suka yi? Da farko dai sun kama bakin zaren daga wajen masu shan man. A Holan gwamnati ta hana hawa mota ranar Lahadi tun daga farkon Nuwamba na 1973, manyan tituna suka zama filin 'yan keke da yara. Jamus ta Yamma ma ta yi haka har Lahadi huɗu. Ingila ta rage gudun mota zuwa mil 50 a awa, ta buga takardun rabon mai ta raba wa masu motoci, ko da yake ba a kai ga amfani da su ba. A Amurka Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta tsayar da gudu a mil 55 a awa, waɗansu jihohi kuma suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota, yau masu mara, gobe masu cika. Duk wannan maganin gaggawa ne, irin na ɗaure rauni kafin a kai asibiti. Kuma ba duka ne ya yi kyau ba. Amurkawa sun ƙayyade farashi, jami'an gwamnati suka karɓi aikin raba mai jiha-jiha, sai ya zamana wani gari mai ya yi kwantai, wani garin kuwa layi ya zagaye unguwa. Wannan kuskure mun san shi, don mun sha maimaita shi a nan gida.

Babban aikin sai bayan da ƙura ta lafa aka yi shi, kuma a nan ne muke so mai karatu ya tsaya. A Nuwamba na 1974 ƙasashen da ke sayen mai suka kafa Hukumar Makamashi ta Duniya a birnin Faris, suka ɗaure kansu da sharaɗin kowace ta ajiye man da zai ishe ta kwanaki masu yawa, daga baya aka tsayar da shi a kan kwana 90 na abin da take shigowa da shi daga waje. Amurka ta yi doka a Disamba na 1975, ta shiga ɗura ɗanyen mai a cikin kogunan gishiri na ƙarƙashin ƙasa a jihohin Teksas da Luwiziyana, ta kuma tilasta wa kamfanonin ƙera motoci su rage shan man motocinsu. Rumbu ne, ba wani abu ba, irin wanda kowane manomi a ƙasar Hausa ya san amfaninsa. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya tada farashi a 2022, wannan rumbun Amurka ta buɗe, ta ba da umarnin fitar da ganga miliyan 180. Wanda ya fara ginin rumbun ya daɗe da barin mulki, ya ma bar duniya, amma jikokin waɗanda suka zaɓe shi sun ci moriya.

Faransa ta ce ita ba ta da rijiyar mai, saboda haka a 1974 ta juya ga tashoshin nukiliya, har yau kuma daga nan take samun akasarin wutar lantarkinta. Amma ƙasar da ta fi ba mu sha'awa ita ce Barazil, domin a lokacin ba ta cikin manyan attajirai, ƙasa ce mai zafi mai noma kamar tamu. A 1975 gwamnatinta ta fito da shirin tatsar man mota daga rake. Aka ba manoma da masu injinan sukari rance, aka ƙara yawan man raken da ake gaurayawa da fetur, zuwa 1979 an fito da motar da ba ta shan komai sai man rake. Shirin ya yi tuntuɓe da farashin fetur ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, ba za mu ɓoye wannan ba, amma ba su yar da shi ba. Yau direba a can yana isa gidan mai ya duba wanne ya fi araha, na rake ko na rijiya, ya sha wanda aljihunsa ya yarda.

Yanzu sai mu dawo gida. Wannan masifa da ta faɗa wa masu sayen mai, mu a wurinmu ai daula ce. Nijeriya ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971, ga shi ba ta cikin masu takunkumi, sai kuɗi suka yi ta kwarara ba a shirya musu ba. Dattawanmu suna tune da kuɗin Udoji na 1975, lokacin da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas gaba ɗaya, kasuwa ta cika da babura da rediyo. A shekarar ne aka yi odar siminti fiye da ƙima, jiragen ruwa sama da ɗari huɗu suka yi cirko-cirko a bakin tashar Ikko suna jiran sauke kaya, ana biyan su kuɗin jira. A shekarar ne kuma aka buɗe kamfanin harhaɗa Peugeot a Kaduna da na Volkswagen a Ikko. Wato lokacin da duniya ke neman dabarar rage shan mai, mu muna ƙara bakunan da za su sha. Jirgin ƙasa kuwa, wanda ya iso Kano tun 1911 yake ɗaukar gyaɗa da auduga da fatu, aka bar shi yana lalacewa, kaya suka koma kan manyan motoci.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba a zauna haka kawai ba. Ƙarancin man da aka sha a 1974 da 1975 ya sa gwamnatin soja ta kafa asusun daidaita farashin mai a 1975, don mutumin Maiduguri ya saya daidai da mutumin Fatakwal. An buɗe matatar Warri a 1978, ta Kaduna a 1980, sabuwar ta Fatakwal a 1989, ban da tsohuwar ta 1965. An shimfiɗa bututu, an gina defo-defo a Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri da Yola da Minna da Suleja. Tsari ne mai kyau, wallahi, kuma waɗanda suka zana shi sun san abin da suke yi. Matatun nan huɗu an gina su ne don su tace ganga 445,000 a kowace rana. Sai dai gini daban, riƙo daban. Aka bar bututu ga ɓarayi da tsatsa, aka yi ta ware kuɗin gyaran matatu ana shan biki, har aka wayi gari ƙasar da ta fi kowace haƙo mai a Afirka tana aika ɗanye waje tana sayo tatacce da dala. Litar da za a sha a Sakkwato sai ta hau tanka daga bakin teku, ta yi kwanaki a hanya, in gada ta karye ko direbobi suka yi yaji, shi ke nan Arewa ta tsaya.

Rumbu kuwa ba a gina ba, na mai ko na kuɗi. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake ninka farashi, ganga ta haura dala 35, muka sake shan daula karo na biyu. Da kasuwa ta cika ta batse a 1981, sai ga gwamnatin Shehu Shagari a Afrilu na 1982 tana kawo dokar tsuke bakin aljihu. Wanda ya yi layin madara da sabulu da shinkafa a shekarun da suka biyo baya ba ya bukatar mu ba shi labari.

Tun daga nan, kusan duk lokacin da mai ya yi tsada ko ya yi wuya, dabara ɗaya gwamnatocinmu suka sani, ita ce taɓa farashi. Ranar 1 ga Janairu, 2012, mutane suna ƙauyukansu hutun sabuwar shekara, aka tashi lita daga naira 65 zuwa 141. Ƙasa ta tsaya cik, aka yi zanga-zanga a Kano da Ikko da Kaduna da sauran birane, aka rasa rayuka, sa'an nan aka sauko 97. A Fabrairu na 2022 aka shigo da gurɓataccen fetur, aka janye shi daga kasuwa, kuma da yake babu wani tanadi a ƙasa da za a cike gurbin, sai layi ya yi makonni, 'yan bumburutu suka ci kasuwarsu da galan a bakin titi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafi a jawabin rantsuwa. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000.

A nan sai mu faɗi abin da waɗansu magoya bayanmu ba za su so ji ba. Jam'iyyarmu ba ta yi muku alkawarin maido da tallafi yadda yake a da. Tallafin nan ya ci tiriliyoyin naira, mai motoci biyar ya fi mai babur ɗaya cin moriyarsa, wani kason kuma ya bi ta kan iyaka a cikin jarkoki, wani ma a takarda kawai aka shigo da shi aka karɓi kuɗi. Duk ɗan takarar da ya rantse muku zai maido da lita yadda take a 2022, ku tambaye shi daga wace ma'aikata zai yanko kuɗin, ta lafiya ko ta ilmi. Laifin da muke gani shi ne an cire wa mutum tsani alhali ba a gina masa matakala ba. An janye tallafi babu isassun motocin safa na gwamnati, babu jirgin ƙasa mai kai kaya, babu ajiyar ko-ta-kwana. Maganar mayar da motoci masu amfani da iskar gas ma sai bayan an yi aika-aikar aka sake taso da ita. Holan da ta hana hawa mota ran Lahadi tana da jirgin ƙasa da hanyar keke. Mai kai tumatir daga Kadawa zuwa kasuwar 'Yankaba me aka tanadar masa?

Wani zai ce ai yanzu ga matatar Ɗangote a Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana, ta kuma fara fitar da fetur a Satumba na 2024. Madalla, muna murna, abin alfahari ne a ce ɗan ƙasa ya yi wannan. Amma matata ɗaya ce, a bakin teku ɗaya, kuma inji ne, inji kuwa yakan tsaya don gyara. Ɗanyen man da take saye da farashin duniya ake lissafa shi, saboda haka in wuta ta tashi a Gabas ta Tsakiya, zafinta zai iso Funtuwa ko da a Ikko aka tace man. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba ta rataya wuyanta a ƙusa guda.

Saboda haka abin da za mu fara da shi, in Allah ya ba mu nasara kuka ba mu amana, shi ne rumbu. Za mu kai wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai wajabta ajiye fetur da man gas da kananzir na aƙalla kwana sittin, kuma a rarraba shi a defo-defon cikin ƙasa, kada a tara shi duka a bakin ruwa. Kowane wata za a buga adadin abin da ke cikin kowace defo a jarida, a karanta a rediyo da Hausa da sauran harsuna, don kada rumbun ya zama na ɓeraye. Matatar Kaduna kuma za mu sa masana su duba ta a fili su faɗi gaskiya: in tana gyaruwa a ba masu iya riƙo, in ba ta gyaruwa a daina zuba mata kuɗin talakawa.

Sai rage ƙishirwar man kanta. Bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ba mu ɗauke shi aikin wata jam'iyya ba. Za mu tsaya a kansa har gas ya shiga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Kakuri, a kuma kafa wuraren shan gas a manyan tashoshin mota tun kafin a ce wa direba ya juya injinsa. Manoman rani da ke ƙona fetur a injin ban-ruwa za a ba su na hasken rana bashi, su biya bayan girbi, ta hannun ƙungiyoyinsu, ban da ta hannun ɗan kwangila. Siminti da taki da hatsi da shi kansa man, a mayar da su kan dogo. Raken Numan da Bacita kuma a gwada shi yadda Barazil ta gwada nata, a fara da kaɗan, a ga abin da ƙasa za ta iya ba tare da an taɓa gonakin abinci ba.

Ba za a gama wannan cikin shekara ɗaya ba, wani ma ba zai ƙare cikin huɗu ba, kuma wanda ya ce muku zai ƙare yana neman ƙuri'arku ne kawai. Abin da muke roƙo shi ne, duk ɗan takarar da ya zo ƙofar gidanku, namu ko na wasu, ku zaunar da shi a tabarma ku tambaye shi: in jiragen mai suka daina zuwa yau, kwana nawa ƙasar nan za ta yi kafin motar asibiti ta tsaya, kuma me ya shirya a kai? Namu 'yan takarar mun umarce su su amsa. Ku adana wannan ɗan littafi tare da katin zaɓenku, ku karanta wa waɗanda ba su iya karatun boko ba a majalisa da wurin biki, ranar zaɓe kuma a fito da sassafe, maza da mata, a tsaya har a ƙirga ƙuri'a a gaban kowa.