Kafin ku sayar da Play ɗinku saboda akwatin Valve

Tun watan Nuwamba na 2025 da kamfanin Valve na Amurka ya nuna sabuwar na'urarsa, Steam Machine, wasu samari suka hana mu sakat a fada. Wai zamanin PlayStation ya ƙare, wai mai riƙe da PS4 ɗan ƙauye ne. Har mun ji masu cewa za su sayar da nasu su tara kuɗin wannan. To, a dakata mu yi magana.

Ba mu ce abin banza ba ne. Kwamfuta ce sosai da aka matse cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu, a ajiye ta gaban tele, a kama manet a yi wasa. Valve ya ce ƙarfinta ya ninka na Steam Deck fiye da sau shida. Wasa da mutane ta intanet a Steam ba ya buƙatar biyan kuɗin wata kamar yadda Sony ke karɓa a yawancin wasanni, kuma ana yawan karya farashi. Duk mun yarda.

Amma mi ake bugawa a gidajen wasanmu, daga Maradi har Damagaram? Ƙwallo. Yaro ya biya kuɗinsa, ya ɗauki Real, abokinsa ya ɗauki Barça, sauran suna baya suna ihu. To ku ji: Steam Machine tana zuwa da SteamOS, wanda aka gina kan Linux, kuma manhajar hana maguɗi da kamfanin EA ya saka cikin FIFA 23 da jerin EA Sports FC ba ta aiki a kansa. Haka Fortnite, haka sababbin Call of Duty. Za a ce ai kana iya sa mata Windows. Gaskiya ne. Sai dai in ka yi haka, ka koma ga kwamfutar da ka gudu, da sabunta wannan da gyara wancan, alhali yara na tsaye da kuɗinsu a hannu.

Sannan ba ta da wurin sa faifai. Kowane wasa sai ka sauke, kuma manyan wasannin yanzu wasu sun haura giga 100. Da wace intanet? Da wane kuran, ga shi ana ɗaukewa tsakiyar saukewa? Kuma abin da ka saya a Steam yana ɗaure da asusunka, ba ka sayarwa. Faifan PS4 kuwa dukiya ne: ka gaji da shi ka musanya, kuɗi sun yanke maka ka kai kasuwa. Shi ma Sony ba waliyyi ba ne, PS5 Pro da ya fitar a 2024 sai ka sayi abin sa faifai daban, kuma wannan ma ba mu ji daɗinsa ba.

Batun kuɗi fa? Ranar sanarwa Valve bai faɗi farashi ba, daga baya mutanensa suka ce za a sa mata kuɗi irin na kwamfuta, ba za su yi asara a kanta don jawo masu saye ba. Ƙara kuɗin jirgi da na duwan da ribar ɗan kasuwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ranar da ta lalace. PS4 tun 2013 take, masu gyara sun san cikinta kamar yunwar cikinsu, kayanta ana samu, in babu a nan a aika Kano. Ƙurar hunturu da zafin Afrilu ba su san sabon yayi ba. Kar mu manta Valve ya taɓa gwada wannan suna a 2015, abin bai je ko'ina ba.

Mai kuɗin da ke son ta a falonsa, Allah ya sa alheri. Amma kai da ka tara jikkunanka don buɗe gidan wasa, in wani ya kawo maka ita, ka ce ya kunna maka FC a gabanka, da manet biyu, kafin ka ƙirga masa ko dala.