Ya Kamata Antigone Ta Yi Magana Da Hausa

'Yan'uwana ɗalibai, a ganina lokaci ya yi da za mu mayar da wasan Antigone na Sofokilis, marubucin tsohuwar Girka, zuwa Hausa, kamar yadda marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare a Daren Sha Biyu.

Labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Wa da ƙane sun kashe juna a kan sarautar birnin Tibis. Kawunsu Kiriyon ya hau gado, ya hana a binne ɗayansu. 'Yar'uwarsu Antigone ta ƙi bin umarnin, ita kuwa Ismene tsoro ya kama ta. Duk wanda ya karanta tarihin Basasar Kano ta 1893, tsakanin Tukur da Yusufawa, 'ya'yan wa da ƙani, ya san irin wannan rikici. Kuma a wajen Bahaushe, hana gawa sutura ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai Ismene ce ta fi ba ni tausayi. Ta ji tsoro, amma da aka kama 'yar'uwarta sai ta nemi a hukunta su tare. Femi Osofisan ya kai labarin ƙasar Yarabawa a wasansa Tegonni. Mu da ke nan Abuja, me muke jira?