Littafi Kafin Na'ura

A wannan wata za mu leƙa kasuwa, domin wani ɗan'uwanmu mai shagon atamfa a babbar kasuwar Garwa ya kawo mana kuka. Ya sayo kwamfuta daga ƙetaren iyaka, an saka masa manhajar lissafi a ciki. Da ƙarshen shekara ta zo, akanta ya duba ya ce sai an sake aikin tun daga farko. Ashe manhajar da naira take ƙirga, harajin da ta sani kuwa na Nijeriya ne, kashi 7.5 cikin ɗari, alhali TVA a nan Kamaru kashi 19.25 ne.

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Kamaru tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993. Tun daga 1 ga Janairu 2018 ake aiki da sabon tsarin lissafinta, wato SYSCOHADA da aka yi wa gyara. Saboda haka tambayar farko ga mai sayar da manhaja ita ce: shin tana bin wannan tsari? In ya fara kame-kame, a kama hanya.

Na biyu, mu san girman rigarmu. Dokar ta sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa. Mai saye da sayarwa da cinikinsa bai kai sefa miliyan 60 a shekara ba, ko mai sana'ar hannu da bai kai miliyan 40 ba, an yarda ya riƙe ƙaramin lissafi na shigar kuɗi da fitarsu. Irin wannan ba ya bukatar babbar manhaja kamar Sage, wadda kamfanoni ke amfani da ita.

Na uku, a duba halin garinmu. Wutarmu daga madatsar Lagdo take zuwa, kuma duk mun san yadda ake ɗauke ta idan ruwa ya ja baya da rani. Manhajar da ba ta motsi sai da intanet za ta bar mutum a tsaye, mai saye na jira. A nemi wadda ke aiki ko babu layi, wadda ke rubuta bashi da sunan mai shi, ta kuma raba kuɗin aljihun tebur da na Orange Money ko MTN.

Na huɗu, doka ta ce a ajiye takardun lissafi shekara 10. To, a tabbata ana iya fitar da bayanan a buga a takarda, kada ranar da aka daina biyan kuɗin wata a rufe wa mutum littafinsa.

Amma gaskiya ɗaya ce, mun sha faɗa wa yara a aji: allo ba ya rubuta kansa. Wanda ke zura hannu a uwar kuɗi ya yi cefane bai rubuta ba, babu na'urar da za ta nuna masa ribarsa. Shawararmu ita ce a fara da littafi da biro na wata uku, kullum a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Wanda ya jure wannan, shi ya isa sayen manhaja, kuma ya tafi da akanta ranar ciniki.

Allah ya sa albarka a nema. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.