Darussan GST: Me Ya Sa Ake Gama Su Tun Yaro Bai San Komai Ba?

Yau zan tsoma baki ne a harkar jami'a, duk da cewa ni karatuna a sakandare ya tsaya. Hujjata ita ce, da kuɗin shagunan iyayenmu ake biya wa ƙannenmu rajista, don haka muna da ta cewa.

Duk ɗalibin da ya dawo hutu Damagum daga Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko ta Tarayya da ke Gashuwa, ka tambaye shi labarin GST, dariya zai yi. Waɗannan su ne darussan gama-gari da ake tilasta wa kowa, ko likita zai zama ko lauya: Turanci, al'adun mutanen Nijeriya, falsafa da manɗiƙi, da sauransu. Jami'ar Nsukka ce ta fara kawo tsarin a farkon shekarun 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka. Manufar mai kyau ce, wato kada a yaye injiniyan da bai san mutane ba. To amma yawancinsu a aji ɗaya da aji biyu ake yin su, ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, a haddace, a rubuta jarrabawa, a manta.

Ra'ayina shi ne an sa abin a gurbin da ba nasa ba. Yaron da ya fito daga sakandare jiya, wanda tun SS1 aka raba shi da tarihi da adabi don an ce shi ɗan kimiyya ne, me zai gauraya da me? Sai mutum ya riƙe fanni guda da kyau sannan yake gane inda fannin ya gaza. A aji uku da aji huɗu ne ya kamata a zaunar da ɗan tattalin arziki, da ɗan ilimin ƙasa, da ɗan tarihi, da mai karatun kiwon dabbobi, a aza masu matsala guda su yi wata huɗu a kanta.

Ba sai an je nesa neman matsalar ba. Ga kasuwar shanu ta Potiskum nan kusa da mu, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Saniya guda da aka ɗora a tirela zuwa Legas, tambayoyi nawa ke tafe da ita? Akwai lafiyarta da rigakafi. Akwai burtalin da ta biyo, da gonar wanda ta ratsa, wannan kuma shari'a ce da tarihi. Akwai ciyawar da ke ja baya saboda hamada. Akwai dillali da la'adarsa, da bashin da ake bayarwa a kan amana ba takarda, da harajin hanya, da kuɗin gas. Sannan ciniki kansa da Hausa da Fulatanci da Barbarci ake yin sa, ga Karekare da Ngizim da Bolewa a gefe. Dillalin da bai taɓa shiga aji ba yana riƙe da rabin wannan a kansa. Mai digiri kuwa kashi ɗaya aka koya masa, shi ya sa in ya zo kasuwa da takardar tambayoyi tsofaffi ke kallonsa da tausayi.

Kada wani ya ce wannan bidi'ar Turawa ce. Malaman zaure ba su taɓa tsayawa a fanni guda ba, daga fiƙihu sai nahawu, sai lugga, sai hisabi. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, masanin lissafi ne kuma malamin addini. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan mulki da tarihi, ya kuma yi kan magani.

Na san abin da mahaifi ɗan kasuwa zai ce: "Ni dai ya fito ya sami aiki." Gaskiyarsa. Kuma inda ake irin wannan karatun a yau, kamar Jami'ar Amurka da ke Yola wadda ta fara karatu a 2005, ko Ashesi ta Gana da aka kafa a 2002, kuɗinsu ya fi ƙarfin mai shagon atamfa. Sai dai abin da nake nema ba sabon gini ba ne. A Disambar 2022 hukumar NUC ta fito da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. A ciki ma akwai darasin zaman lafiya da sasanta rikici a aji uku. Ke nan ƙofa a buɗe take. Darasi guda na haɗin gwiwa a kowace shekarar ƙarshe, kan kasuwar shanu, ko ƙaro, ko riɗi, ba zai hana kowa zama akanta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne malaman kansu. Kowane sashe yana gadin ɗalibansa da makinsa, kuma ƙarin girma a fanni guda ake samunsa. Wa zai duba takardun? Sashen wa za a rubuta wa darasin? Waɗannan tambayoyi majalisar malaman jami'a ce za ta amsa su, a Damaturu da Gashuwa.

Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.