Zancen Gida: Kafin A Kai Kwamfuta Wurin Mai Gyara



A watan jiya wata uwa daga Narayi ta same mu a makaranta bayan an tashi. Ɗanta yana biye da ita, rungume da kwamfutar cinya a naɗe cikin zane. Ta hannu ta saya masa, da kuɗin adashe, gama yaron ya rubuta jarrabawar JAMB yana neman shiga babbar makaranta. Takardar neman shiga kuwa ta intanet a ke cika ta, ran Juma'a za a rufe. Ga shi tun ran Talata na'urar ta ƙi kunna Wi-Fi.

Ta ce, "Malam, mun kai wa wani mai gyara, ya ce babban allon ciki ne ya ƙone. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin abin da na saye ta."

Muka ce, "Mama, ki zauna tukuna mu duba."

Da muka ɗaga murfi sai muka ga wata 'yar fitila mai ruwan lemo a kan maɓalli ɗaya na jerin sama. Muka danna shi. Fitila ta koma fara, sunayen Wi-Fi na maƙwabta suka jeru a fuskar na'urar. Ashe ƙanwar yaron ce ta taɓa maɓallin wajen wasa. Rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami.

Ba kullum abin ya ke zuwa da sauƙi haka ba. Amma tun 2015, sa'ad da JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta, na'urorin nan sun shiga gidaje da yawa a Kakuri, da Barnawa, da Sabon Tasha, iyaye kuwa da guminsu suka saya. Domin wannan ya kamata kowane gida ya san abin da zai duba da kansa. Ƙa'idar guda ɗaya ce: a fara da abin da ba ya cin kwabo, a bar buɗe cikin na'ura ya zama na ƙarshe.

Bari mu fara sanin abin da mu ke nema. A cikin kwamfutar akwai wani ɗan kati, bai fi kan sarki na wasiƙa girma sosai ba. A yawancin na'urorin yanzu faɗinsa milimita 22 ne, tsawonsa 30. Shi ne rediyon na'urar, shi ke aikawa da saƙo ta iska, shi ke karɓa. Siraran wayoyi biyu, yawanci baƙa da fara, suna tashi daga jikinsa, su bi ta mahaɗin murfi, su hau bayan gilashi. Su ne eriya. Akwai kuma wata manhaja da a ke kira direba, wadda ke tuƙa katin kamar yadda direba ke tuƙa mota. Laifi yana iya kasancewa a waje, ko a maɓalli, ko a direba, ko a katin kansa. Haka kuma za mu bi su.

Da fari, a tabbata laifin ba daga waje ya ke ba. Wi-Fi dabam, intanet dabam. Wi-Fi shi ne ɗan gajeren zangon da ke tsakanin kwamfuta da wayarku ko akwatin rarraba intanet na gida. Idan kwamfuta ta ga sunan, ta haɗu, amma shafi bai buɗe ba, katin lafiyarsa lau. Sai a duba ko data ta ƙare, ko sabis ne babu. Mun tuna a 2021, daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, an rufe sabis ɗin waya a waɗansu sassan jihar Kaduna saboda tsaro. Wanda ke zaune inda abin ya shafa, ko sabuwar kwamfuta fil ya saya, ba za ta buɗe masa shafi ta layin waya ba.

A nan kuma akwai wani abu da ke ruɗa mutane. Wi-Fi yana tafiya a kan zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5. Tsofaffin katuna da yawa 2.4 kaɗai su ke ji. Idan wayarku tana rarraba intanet a kan 5, tsohuwar kwamfuta za ta ga sunayen maƙwabta, ba za ta ga naku ba. Sai a shiga saitin wayar a mai da ita 2.4.

Na biyu, a duba maɓalli. Ku bi jerin sama na madannai, daga F1 zuwa F12, ku nemi mai hoton eriya ko jirgin sama. A kan HP da yawa F12 ne, fitilarsa ruwan lemo in a kashe ya ke. A waɗansu na'urori sai an riƙe Fn kāna a danna shi. Tsofaffi kuma suna da ɗan makunni a gefe ko a gaba, wanda jaka kan ture ba a sani ba. Sa'an nan ku duba ƙasan fuskar na'urar ta hannun dama, kusa da agogo. In akwai hoton jirgin sama a wurin, an kashe rediyon na'urar duka ke nan; a danna shi a cire.

Na uku, a sake tayar da na'urar. Ku lura, a Windows 10 da 11, in kun zaɓi inda aka rubuta Shut down, sau da yawa na'urar tana ajiye halin da ta ke ciki domin ta yi saurin tashi, sai ta farka da ciwon da ta kwanta da shi. Ku zaɓi Restart, gama shi ne ke tayar da direbobi daga farko. In bai yi ba, ku kashe ta, ku zare caja, ku cire batir in mai fita ne, ku danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ta maƙale a ciki. Ya kan taimaka musamman bayan wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, ko an yi caji da janareta mai rawa.

Na huɗu, a tambayi direba. Ku danna tambarin Windows da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi Device Manager, ku buɗe layin da aka rubuta Network adapters. Ku nemi suna mai ɗauke da Wireless ko 802.11. Abu uku za ku iya gani. In akwai 'yar kibiya mai duban ƙasa a kan sunan, an dakatar da katin ne. Ku danna shi da dama ku zaɓi Enable. In akwai alama rawaya mai kusurwa uku, direba ne ya lalace. Ku zaɓi Uninstall, kada ku yarda a share direban gaba ɗaya, ku sake tayar da na'urar, Windows za ta ɗora shi da kanta. In kuwa sunan ba ya nan sam, na'urar ba ta ganin katin. Wannan ya kan faru da kwamfutar hannu da aka sake wa Windows a kasuwa ba a sa mata direbobinta ba.

Za ku ce, yaya za a sauko da direba alhali babu intanet? Ku haɗa wayarku da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ku shiga saitin wayar inda a ke rarraba intanet, ku kunna rarrabawa ta USB. Nan take kwamfuta ta sami intanet ba tare da katin ba. Sai ku juya na'urar ku karanta lambar samfurinta, ku je shafin kamfanin da ya ƙera ta, ku sauko da direban daga can kaɗai. Wannan igiya ita ce kuma mafita ran da lokaci ya ƙure: da ita yaro zai cika takardarsa yau, gyara ya jira gobe.

Na biyar, in duk wannan bai yi ba, lokacin mai gyara ya yi. Ku roƙe shi ya fara duba saitin BIOS, ko an kashe katin daga can. Kāna ya buɗe, ya zare katin, ya hure ƙurar hunturu, ya mayar, ya tabbata wayoyin eriya biyu sun zauna daram. Alamar eriya da ta tsinke a mahaɗin murfi ita ce, na'ura tana kama Wi-Fi in waya tana dab da ita, ta saki in an matsa ɗaki na gaba. In katin ne ya mutu, a yawancin na'urori ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, ana sake shi shi kaɗai, ba sai an sake babban allo ba. Waɗansu tsofaffin na'urori ba su karɓar kowane irin kati, don haka a gwada a gabanku kafin ku biya. A waɗansu sirara kuwa an liƙe katin da dalma. Ga irin waɗannan akwai ɗan katin waje mai kama da filashi, a soka shi a ramin USB, aiki ya ci gaba.

Kafin ku bar na'ura a shago, ku kwashe takardu da hotunan iyali a filashi. Ku tambayi mai gyara abin da ya gani, ku karɓi tsohon abin da ya cire. Masu gyara na kirki suna da yawa, ba su jin haushin tambaya.

Yaron nan na Narayi ya cika takardarsa tun ran Laraba, a teburinmu. Mun sa shi ya kashe maɓallin ya kunna sau uku da hannunsa, uwarsa tana kallo, domin ita ma ta gane shi. Iyaye, ku yi haka da 'ya'yanku tun na'urar tana lafiya, kada ku jira daren da za a rufe takarda.

Sai wata mai zuwa, in muna cikin masu rai.