GYARA KAYANKA: Kada Sarƙar Agogo Ta Kwance

Sau da yawa mutum yakan sayi agogon hannu mai sarƙar ƙarfe, ya tarar ta yi masa yawa, ya kai wa mai gyara a rage gaɓa ɗaya ko biyu. Bayan 'yan makonni, yana bisa babur ko cikin cunkoson kasuwa, sai ya duba hannu ya ga wayam. Ba ɓarawo ba ne. Sukuru ne guda ya warware.

Sarƙoƙin nan iri biyu ne. Waɗansu da 'yan ƙusoshi ake haɗa gaɓoɓinsu, akwai alamar kibiya a cikinsu mai nuna inda za a tura. Waɗannan ba ruwansu da maganar yau. Waɗansu kuwa sukuru ne mai barima, kuma motsin hannu na yau da kullum, da cirewa da sawa wajen alwala, su ke sassauta shi a hankali.

Maganin wannan wani irin gam ne na ruwa, wanda Farfesa Vernon Krieble na Kwalejin Trinity da ke Hartford, a Amurka, ya ƙago a 1953, aka sa masa suna Loctite. Abin mamaki gare shi, ba ya daskarewa muddin yana shan iska. Sai ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda iska ba ta kaiwa, sa'an nan ya kama.

To, a nan ne akan yi kuskure. Gam ɗin kala-kala ne, kuma launin ruwan ake dubawa, don kwalabensa galibi duk jajaye ne. Shunayya, mai lamba 222, shi aka yi domin ƙananan sukuru, shi ne kuma na agogo. Shuɗi, watau 242 ko 243, ya fi shi ƙarfi, ya fi dacewa da notin babur. Ja kuwa, irin su 271, ba ya saki sai an gasa shi da zafi wajen digiri 250. Wanda ya sa ja a sarƙar agogo, ran da hannunsa ya yi ƙiba sai dai ya nemi wata sarƙar. Gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake liƙa takalmi da shi, ko kusa kada a yi.

Wajen aikin, a fara raba sarƙar da agogon. In sukurun ya ƙi motsi, tsohon gam ne ya riƙe shi. A tsoma sarƙar cikin ruwan zafi na 'yan mintoci, kada a yi kokawa da shi, domin sukurudireban da bai cika tsagar ba yakan cinye kan sukurun, ya kuma karce ƙarfen. A goge barimar da sifirit, a bari ta bushe, don maiƙo yana hana kamu. Daga nan a lakato ɗan ɗigo a bakin tsinken sakace, a sa cikin ramin da barimar ke shiga kaɗai. In aka shafe jikin sukurun duka, gam zai malala cikin gaɓar ta sandare, ta daina lanƙwasa.

A ɗaura daidai wa daida, a share abin da ya fito. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda akan yi sarƙoƙin nan da shi, yana jinkirta daskarewar gam, saboda haka a ajiye agogon sa'a 24 kafin a mayar da shi hannu.