Faransa ta jira su mutu kafin ta biya

Lokacin da Faransa ke ɗibar soja a ƙasar Tasawa da Mayahi, ba ta nemi kowa ya rubuta takarda ba. Sarki kan kawo samari, likita ya duba haƙora da ƙirji, a sa su a hanya. Daga ƙauyuka irin su Kanan-Bakashe aka kai ƴaƴan talakawa Yaƙin Duniya na Biyu, aka kai wasu Indoshin da Aljeriya. Harsashi bai tambayi launin fatar kowa ba.

Da aka zo biyan diyyar rauni sai lissafi ya sauya. Dokar kuɗi ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke karɓar mulkin kai. Na Bafaranshe yana hawa kowace shekara, na ɗan Nijar yana nan inda aka bar shi, alhali ƙafar da aka yanke iri ɗaya ce. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce wannan wariya ce. Faris ta yi kunnen uwar shegu. A Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta bai wa Amadou Diop, tsohon soja ɗan Senegal, gaskiya, amma hukuncin ya tarar da shi a kabari. Sai a 2007 aka daidaita diyyar nakasa, sauran fansho kuwa sai 2011.

Masu yabon Faransa suna cewa ai an gyara. An gyara wa wa? Shekaru kusan hamsin da aka tauye ba a mayar ba. Wani sashen gyaran ma sai wanda ya nema a rubuce, da Faransanci, cikin wa'adi. Matar mamaci a Kanan-Bakashe, wadda littafin sojan mijinta gara ta cinye, wa ya je ya gaya mata?

Laifin bai tsaya a Faris ba. Gwamnatocin Yamai, na farar hula da na kaki, sun fi son jera ƴan mazan jiya da lambobinsu ranar biki bisa ga bin kadin haƙƙinsu. Tun Janairu 2024 ofishin jakadancin Faransa a Yamai yana rufe. Magajin da ya tara takardunsa yau, wace ƙofa zai buga?